Wa Ke Ba Tsutsar Teku Umurnin Rikiɗa?

Ɗaliban yaƙi da jahilci na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ku matso kusa da akwatin radiyo. Mai allo ya ɗauko allonsa. Mai kaye da bik ya buɗe sabon shafi.

Hirarmu ta yau ta samo asali daga ajin da nake koyarwa. Wani dattijo cikin ɗalibaina, wanda yake zuwa cin rani Kwatano, ya zo mini da wani ɓawo da ya tsinta a bakin teku. Ɓawon kewayayye ne kamar 'yar ƙaramar ƙwarya. Ya ce masuntan can sun gaya masa, sa'ad da abin yake da rai, jikinsa duk ƙaya ne kamar bushiya. Sai ya ce: "Malam, na ga manyan da yawa. To ina 'ya'yan? Ban taɓa ganin uwa tana tafe da ɗanta ba."

Tambaya ce ta mai hankali. Amsarta ita ce: 'ya'yan suna nan, miliyoyi, a cikin ruwan da ya taka da ƙafarsa. Bai gane su ba ne don ba su yi kama da uwarsu ba ko kaɗan. Sai daga baya suke sake kama. Yau za mu ga abin da yake sa su sake kama, da wanda yake ba da umurnin.

Ku rubuta kalma ta farko: ri-ki-ɗa. Rikiɗa.

Rikiɗar da muka sani

Kowa ya san talibambam. Da damina, in tabki ya cika, ga su nan baƙaƙe, kai da wutsiya kawai. Ba ƙafa, ba hannu. Bayan 'yan makonni ƙafafun baya su fito, sannan na gaba. Wutsiya ta yi ta raguwa har ta ɓace. Sai ga kwaɗo yana tsalle a tudu.

Manomi kuma ya san ɗango. Ba shi da fiffike, tafiya yake yi da tsalle. Yana yin saɓa, kamar yadda maciji yake yi, har sau biyar. A saɓa ta ƙarshe sai fiffike ya fito, ya zama fara mai tashi, mai cinye gona.

Wannan sake kama shi muke kira rikiɗa. Ɗan da bai rikiɗa ba tukuna, a hirar nan za mu riƙa ce masa tsutsa, ko da bai yi kama da tsutsar da kuka sani ta cikin ƙasa ba.

Teku da abin da ke cikinta

Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano wajen kilomita 1000 ne. Amma in an raba fuskar duniya kashi 10, wajen kashi 7 duk teku ce. Ruwanta na gishiri ne. A lita ɗaya akwai gishiri wajen giram 35.

Ban da kifi, teku cike take da halittu marasa ƙashin baya. Akwai kaguwa. Akwai jatan lande, wanda ake kawo mana busasshe a kasuwa. Akwai kawa mai ɓawo biyu. Akwai bushiyar teku, wadda dattijon nan ya kawo ɓawonta. Har wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, ɓawon wani dodon-koɗi ne na teku, wanda aka riƙa kwasowa daga tsibiran Maldib, can kudu da ƙasar Indiya.

Mafi yawan waɗannan halittu ba sa renon 'ya'yansu. Uwa takan zuba ƙwai cikin ruwa, shi ke nan. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito, igiyar ruwa ta tafi da ita. Ƙanƙanta ce ƙwarai, sai da madubin nan mai ƙara girman abu ake ganin surarta.

Saboda haka masana ma sun daɗe cikin duhu. Da suka ga tsutsar kaguwa, sai suka ɗauka wata halitta ce dabam, har suka raɗa mata suna nata. Sai a shekarar 1828 wani likitan sojan Ingila, mai suna Jon Bon Tomson, wanda yake zaune a garin Kok na ƙasar Ailan, ya bayyana cewa wannan abu ɗan kaguwa ne. Wasu manyan masana suka ƙaryata shi. Daga baya gaskiyarsa ta fito. Ka ga, baba, ba kai kaɗai ne ka yi wannan tambaya ba.

Rayuwar bushiyar teku

Bari mu bi bushiyar teku tun daga ƙwai, a hankali.

Uwa ɗaya takan zuba ƙwai miliyoyi. In aka jera ƙwai 10, da ƙyar su kai milimita ɗaya. Ku duba bisa abin awo na 'yan lakkwal, ku ga ƙanƙantar milimita. Cikin kwana biyu ko uku ƙwan ya zama tsutsa mai iyo.

Tsutsar nan tana da baki da ciki. Tana da dogayen hannuwa sirara, da fari 4, sannan 6, sannan 8. Bisa hannuwan akwai gashi ƙanana masu kaɗawa ba dare ba rana. Da su take iyo, da su kuma take janyo abinci zuwa baki. Abincinta ƙananan tsirrai ne na ruwa, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Jikinta garai yake kamar kwalba, kana hango abin da ta ci. Tana da dama da hagu, kamar ni da ku.

Haka za ta yi ta yawo makonni, wani lokaci watanni. A cikin wannan yawo ne abin mamaki yake faruwa. A gefen hagu na cikinta, wani ɗan dunƙule yake fara tsirowa. Dunƙulen nan shi ne bushiyar gobe. A ɓoye yake yin ƙayoyinsa da 'yan ƙafafunsa. Tsutsa tana ci, shi yana girma. Kamar mai goyo ce, sai dai abin da take goyon ita ce kanta.

Ranar da lokaci ya yi, sai tsutsa ta sauka ƙasan ruwa. Dunƙulen ya juyo waje, ya kafa ƙafafunsa bisa dutse. Naman hannuwan nan takwas ya janye, tsinkayen da suka riƙe su su zube. Bakin tsutsa ya toshe. Babban aikin ba ya wuce awa ɗaya. Abin da ya rage ɗan ƙwallo ne mai ƙaya, bai kai kan allura mai ƙulli ba. Ba shi da dama da hagu kuma, jikinsa ya kasu gida biyar a kewaye. Sai bayan kwanaki sabon baki yake hudowa, a ƙasan jiki. Kamin nan, abin da tsutsa ta tara ne yake ci.

Ku lura da haɗarin da ke cikin wannan al'amari. In ta rikiɗa da wuri, dunƙulen bai nuna ba, guzuri bai isa ba, ta mutu. In ta yi jinkiri, kifi ya haɗiye ta, ko ruwa ya kai ta inda ba abinci. In kuma ta sauka, ba komawa. Manomi ya san irin wannan. Wanda ya yi shuka da yayyafin farko yakan yi asarar iri. Wanda ya makara kuma, ruwa ya ɗauke gero bai nuna ba. Cikin miliyoyin nan, 'yan kaɗan ne suke kaiwa ga zama bushiya.

To, tsutsa ba ta da ƙwaƙwalwa irin tamu. Ba ta ƙirga kwana. Wa yake gaya mata lokaci ya yi?

Manzon cikin jiki

Ku rubuta kalma ta biyu: ho-mon. Homon.

Homon wani sinadari ne ɗan mitsitsi da jiki yake aikawa daga wani wuri zuwa wani wuri, don ya kai umurni. Kamar ɗan aiken sarki ne. Shi ba ya noma, ba ya gini. Amma in ya iso da saƙo, gari duka ya tashi. Wani masanin Ingila mai suna Anes Istalin ne ya fara amfani da kalmar a shekarar 1905. Asalinta daga harshen Girka ne, ma'anarta abin da yake zaburarwa.

Kun san aikinsa a jikinku. Yaro ya balaga, muryarsa ta buɗe, gemu ya fito: aikin homon ne. Ka taka maciji da dare, gabanka ya faɗi, zuciya ta hau bugawa: wani homon ne mai suna adiranalin. Ku riƙe sunan, za mu sake gamuwa da shi.

A gaban wuyan kowane ɗayanmu, ƙasa da maƙogwaro, akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu. Lokotoro suna ce masa tiroyid. Shi ne yake kumbura in mutum ya yi maƙoƙo. Aikinsa shi ne yin wani homon mai suna tiroksin. Shanu suna da wannan nama, dawaki suna da shi, kwaɗi ma haka.

A shekarar 1912 wani masani mai suna Gudanac ya ba da labarin gwajin da ya yi a birnin Parag na Turai. Ya raba talibambam kashi-kashi. Waɗansu ya ba su hanta, waɗansu tsoka, waɗansu kuma ya ba su naman tiroyid na doki. Waɗanda suka ci tiroyid suka daina girma, suka rikiɗa tun lokacinsu bai yi ba. Suka zama kwaɗi 'yan ƙanana kamar ƙuda. A shekarar 1916 kuma wani a Amurka, mai suna Alan, ya yi akasin haka. Ya cire wa talibambam nasu tiroyid ɗin. Suka yi ta ci, suka yi ta girma, suka zama ƙatti, amma ba su zama kwaɗi ba.

Ashe ba yawan kwana ne yake mai da talibambam kwaɗo ba. Ba girma ba ne kuma. Sai manzo ya iso.

Tiroksin ba ya haɗuwa sai da wani sinadari mai suna iyod. A Najeriya aidin suke ce masa. Kowace ƙwayar tiroksin tana ɗauke da ƙwayar iyod 4. Ba iyod, ba tiroksin. Ku rubuta kalma ta uku: i-yod. Iyod.

Manzon da yake zuwa cikin abinci

Yanzu mu koma ga bushiyarmu. Ita ba ta da wuya, balle naman tiroyid. Shekaru da yawa an ɗauka tiroksin na masu ƙashin baya ne kawai.

A shekarar 1994 wasu masana a ƙasar Japan suka zuba tiroksin ɗan kaɗan cikin ruwan da suke kiwon tsutsar bushiyar teku. Sai suka ga dunƙulen nan na gefen hagu ya yi saurin girma. Suka auna jikin tsutsar da ba a ba ta kome ba, suka tarar ita ma tana da tiroksin. Daga ina ta samu? Suka auna ƙananan tsirran da take ci, sai ga shi a ciki. Wato tsutsa tana haɗiye manzon tare da abincinta.

A shekarar 2004 masana biyu a Amurka, Hailan da Hodin, suka ƙara bin sawun maganar. Sun yi aiki da wata 'yar'uwar bushiyar teku, mai faɗi kamar faifai, wadda take zama cikin rairayi. An riga an san wani hali na irin wannan tsutsa. In abinci ya yi ƙaranci, sai ta tsawaita hannuwanta don ta kamo da yawa, ta bar dunƙulen ya jira. In abinci ya wadata, hannuwan su tsaya gajeru, ƙarfin duka ya koma ga dunƙulen. Da suka ba tsutsa mai yunwa tiroksin, sai ta yi halin mai ƙoshi. Hannuwa gajeru, dunƙule yana ta girma, rikiɗa ta zo da wuri.

Ku tsaya ku yi tunani a nan, don nan ne zuciyar hirarmu. Tsutsa ba ta ƙirga kwana, amma jikinta yana ƙirga loma. Kowace loma tana kawo tiroksin kaɗan. In ya taru ya kai mizani, ma'anarsa rumbu ya cika, ana iya tashi. Hikimar Ubangiji ke nan cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Akwai wani gwaji da ya fi wannan ban mamaki, shi ma a shekarar 2004. An ɗauki tsutsar wata irin bushiyar rairayi mai ɗan manyan ƙwai. A ƙa'ida, in ba ta ci abinci ba, ba ta rikiɗa. Aka hana ta abinci sam, aka ba ta tiroksin kaɗai. Ta rikiɗa. Sai dai ɗan da ya fito ƙarami ne, bai kai wanda ya ci ya ƙoshi ba. Daidai da kwaɗin nan masu kama da ƙuda. Manzo yana ba da umurni, amma ba ya maye gurbin tuwo.

An kuma ga alamar cewa tsutsar tana iya haɗa nata tiroksin a jikinta, da iyod ɗin ruwan teku. In aka zuba maganin da yake hana haɗa shi, rikiɗa takan yi jinkiri. In aka ƙara tiroksin, ta ci gaba.

Wasu masana suna gardama, wai abin da ya shigo ta baki bai kamata a ce masa homon ba, ya fi kama da bitamin. Ni dai a ganina, ɗan aike ɗan aike ne, ko ɗan gari ne ko baƙo, muddin an karɓi saƙonsa.

Sai an ga wurin sauka

Shirin ciki kaɗai bai isa ba. Ayari ko ya gaji, ba ya sauke kaya sai madugu ya ga rijiya. Tsutsar da ta shirya takan sauko ta taɓa ƙasa, ta ɗanɗana, in wurin bai yi mata ba ta sake tashi.

Abin da take nema ɗanɗano ne na abincin da za ta ci in ta girma, ko ƙanshin 'yan'uwanta. A bakin tekun Sidini, a ƙasar Ostareliya, akwai wata bushiyar teku da 'ya'yanta suke sauka bisa wata jar ciyawar ruwa. A shekarar 2004 aka gano abin da ciyawar take fitarwa wanda yake kiran tsutsar. Sunansa histamin. Shi ne sinadarin da yake sa fatarku ta kumbura ta yi ƙaiƙayi in sauro ya cije ku. Tsutsa ta ji shi, jijiyoyinta su kai labari ciki, rikiɗa ta fara.

In ba ta samu wuri ba fa? Waɗansu suna mutuwa cikin 'yan kwanaki. Waɗansu suna da haƙurin jira. A Amurka an ajiye tsutsar wani dodon-koɗi na teku cikin kwalba shekara huɗu da rabi tana iyo. Da aka sa mata duwatsun ƙasan teku, ta sauka ta rikiɗa, ta girma har ta hayayyafa.

Wannan ilimi ya shiga sana'a. Tsutsar kawa takan yi iyo mako biyu ko uku, sannan ta manne da wani abu mai tauri, ba ta sake motsawa har mutuwa. A Senegal da Gambiya mata suna shiga kwalekwale su ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwan bakin teku, su sayar. A wasu ƙasashe kuma kiwonta ake yi. Wajen shekarar 1985 masana a Amurka suka gano cewa in aka zuba adiranalin cikin ruwa, homon ɗin nan na faɗuwar gaba, tsutsar kawa takan rikiɗa ba tare da ta manne da kome ba. Masu kiwo suka ji daɗi, don kawa mai zaman kanta ta fi kyan sura, ta fi kuɗi.

Kaguwa da nata manzanni

Kaguwa da jatan lande dangin fara ne na nesa. Ƙashinsu a waje yake, kamar sulke. Sulke ba ya miƙewa, don haka ba su girma sai da saɓa. Tsutsar kaguwar teku tana da manyan idanu da dogon tsinke a baya. Takan yi saɓa sau da yawa kamin ta ɗauki surar uwarta. Kaguwar ruwan daɗi, irin ta kogunanmu, ba ta wannan yawo. Ita 'ya'yanta da surar kaguwa suke fitowa daga ƙwai.

A nan manzanni uku ne suke aiki. Na farko yana cewa: "A yi saɓa." Sunansa ekdison. A jikin ƙwari aka fara samunsa. A shekarar 1954 masana biyu a Jamus suka tatsi tsutsar siliki kilo 500, suka samu ekdison miligiram 25 kacal. Wato giram ɗaya a raba shi 40, a ɗauki kashi ɗaya. Ku dubi ƙanƙantar manzo, ku dubi girman aikinsa. Wurin da yake yin wannan homon a jikin kaguwa, wani masani a Faransa mai suna Gab ne ya gano shi a shekarar 1953.

Na biyu yana cewa: "A dakata." Gidansa abin dariya ne. Kun san idon kaguwa bisa ɗan sanda yake. To, cikin sandan nan ake yin wannan homon. Tun shekarar 1905 aka lura cewa in an cire wa kaguwa sandunan ido, sai ta riƙa saɓa da sauri, don mai tsawatarwa ba ya nan.

Na uku shi ne mai lura da ƙuruciya. A jikin ƙwari, muddin yana da yawa, ko an yi saɓa ɗango ɗango ne zai fito. Sai ya ragu sannan fiffike ya zo. A shekarar 1987 aka samu ɗan'uwan wannan homon cikin jinin kaguwa. Da aka ƙara shi cikin abincin tsutsar wani irin jatan lande, rikiɗarta ta yi jinkiri.

Akwai abin kula a nan. Mutane sun ƙera maganin ƙwari mai kwaikwayon homon na ukun nan, don tsutsar sauro ta kasa zama sauro. Dabara ce mai kyau. Amma da aka gwada shi bisa tsutsar kaguwa, in ya yi yawa ita ma yana ɓata mata rikiɗa. Manzon ƙarya bai san gidan da aka aike shi ba. Shi ya sa malaman gona suke hana ku wanke famfon feshi a tabki ko a kogi. Ruwan nan akwai ƙananan halittu a ciki da kifi yake ci.

Iyod da mu

Mu koma ga iyod, don a nan ne labarin teku ya iso ƙofar gidanmu.

A cikin ciyawar teku aka fara gano iyod. A shekarar 1811 wani Bafaranshe mai suna Kurtuwa yana aiki da tokar ciyawar teku, wajen haɗa kayan albarushi, sai ya ga wani hayaƙi mai launin shuni yana tashi. Iyod ke nan. Teku ita ce babbar ma'ajiyarsa. Ƙasashen da suke nesa da teku, da na kan duwatsu, sau da yawa ƙasar nomansu ba ta da shi isasshe. Hatsin da ya tsiro a wurin ma haka.

Tsutsar bushiya tana samun nata daga ruwa da tsirran da take ci. Mu ma ta baki muke samun namu. In bai isa ba, naman nan na wuya ya yi ta fama yana neman haɗa tiroksin, har ya kumbura. Maƙoƙo ke nan. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne.

Maƙoƙo shi ne abin da ido yake gani. Abin da ba a gani ya fi shi muni. Ɗan da ke cikin ciki yana bukatar tiroksin don ƙwaƙwalwarsa ta ginu. In uwa ba ta da iyod, ciki yana iya zubewa. Ana iya haifar yaro kurma, ko wanda ba ya girma, ko mai nauyin fahimta. Ku tuna talibambam ɗin da aka cire wa tiroyid. Abinci yana nan, amma umurni bai zo ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar mikrogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Mikrogiram shi ne giram ɗaya a raba shi miliyan. In aka tara na mutum tun daga haihuwa har tsufa, bai wuce ƙaramin cokalin shayi ba. Amma kullum ake sonsa, kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ake zuba shi cikin gishiri. Ƙasar Suwis ce ta fara haka a shekarar 1922, maƙoƙo ya ja baya ƙwarai a can.

Gishiri da kansa, ko na teku ne ko na tudu, ba ya ɗauke da iyod isasshe sai an ƙara masa. Ku da kuka iya karatu yanzu, in kun je kasuwa ku duba jikin leda ko buhu, ku nemi inda aka rubuta cewa akwai iyod. A gida ku sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da rana da laima da zafin murhu, don iyod yana gudu. Uwargida ta zuba shi cikin miya dab da saukewa. Ba a ce ku ƙara yawan gishiri ba, yawansa yana kawo hawan jini. Mai maƙoƙo kuma ya je gidan likita a duba shi.

Ga aikin wannan mako. Kowane ɗalibi ya rubuta kalmomin nan uku: rikiɗa, homon, iyod. Ya sa kowace cikin jimla ɗaya, ya nuna wa malaminsa. In damina ce a wurinku, ku ɗebo talibambam biyar da ruwan tabkinsu da 'yar gansakuka, ku zuba a kasko a inuwa, ku sa dutse a tsakiya don su samu wurin hawa. Ku rubuta ranar da ƙafar baya ta fito, da ranar da wutsiya ta ɓace. In sun zama kwaɗi ku mai da su tabki. Abin da kuka rubuta ku ba malamin ajinku ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.